Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙwayar da ba ta buɗe ƙirji

A makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga asibiti, karo na uku cikin shekara guda. Sigarin da na sha shekara 26 na daɗe da barin ta, amma ɓarnar da ta yi wa huhuna tana nan. Ciwon toshewar hanyoyin numfashi ne, wanda likitoci ke kira COPD, ga tari da majina kullum safiya.

Ranar da na koma ganin likita ya daɗe yana duba takarduna, har sakamakon gwajin hanta, sannan ya ce, "Malam, zan ƙara maka wata ƙwaya, sunanta roflumilast. Amma ka saurare ni da kyau, ba ta buɗe ƙirji. Idan numfashi ya sarƙe, abin shaƙarka za ka ɗauka." Na ce to amfaninta me? Ya ce kumburin da ke cikin hanyoyin iska take kwantarwa sannu a hankali, ta hanyar danne wani sinadari a jiki mai suna PDE4, don tashin ciwon ya ragu. Turai ta amince da ita a 2010, Amurka a 2011. Aka fara ni da maikrogiram 250 kullum na mako huɗu, kafin a kai ni 500.

Gaskiya na raina ta. Mutumin da ya saba ya shaƙi magani ya ji ƙirjinsa ya saki nan take, da wuya ya girmama ƙwayar da ba ya jin aikinta.

Illarta kuwa na ji ta sarai. Makon farko gudawa da tashin zuciya, abinci ya fita raina. Wannan ya lafa. Ramar ce ta ƙi tsayawa: daga kilo 68 na sauko 64, wando ya fara zamewa, masu zuwa gaishe ni suna kallona suna sunkuyar da kai. Sai barci ya ƙaurace. In kwanta ido biyu har asuba, zuciyata na saƙa abubuwan da ban taɓa damuwa da su ba. Ni ban danganta wannan da maganin ba, na ɗauka tsufa ne da zaman gida.

Maiɗakina ce ta gano. Wata rana ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, kwana nawa rabonka da dariya? Yara ma sun daina shigowa wajenka." Ta ɗauko takardar da ke cikin kwalin, wadda ban taɓa buɗewa ba, ta sa 'yarmu ta karanta. Rashin barci, fargaba da baƙin ciki duk suna ciki, tare da gargaɗin a sanar da likita da gaggawa. Ashe likitan ya faɗa mini tun ranar farko, hankalina na wajen tari.

A nan ne 'yar tawa ta tsaya tana maimaita sunan maganin. Ita tun tana budurwa take fama da soriyasis, fatar gwiwar hannunta ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari. Ta ce, "Baba, ai wannan sunan ne na gani a wani man shafawa." Haka ne kuwa, a 2022 Amurka ta amince da shi a matsayin man shafawa ga masu ciwonta, da sunan Zoryve. Abin da nake haɗiya don huhu, wasu shafa shi suke yi don fata, tunda duka biyun kumburi ne.

Washegari muka koma asibiti mu uku. Na hau sikeli, likita ya rubuta, ya ɗago ya tambaye ni sau nawa aka kwantar da ni tun da na fara shan ƙwayar. Na lissafa wata biyar. Ko sau ɗaya.

Ya ajiye biro ya ce, "To Malam, yanzu sai mu auna: mu ci gaba ko mu tsaya?"

Mu haɗu mako mai zuwa.