Waƙar Mockingbird ta Carly Simon da maigidanta na lokacin

Mutane da yawa ɗauka suke waƙar Mockingbird ta mawaƙan Amurka Carly Simon da James Taylor ce tun asali, ina, ba tasu ba ce fa. Inez da Charlie Foxx ne suka fara fitar da ita a 1963, su kuma ba mata da miji ba ne, 'yan uwan juna ne ciki ɗaya, kuma su ma daga wata tsohuwar waƙar rarrashin jarirai ta Amurka suka ciro ta, wadda ake cewa yaro ya yi shiru za a sayo masa tsuntsun da ake kira mockingbird.

Carly da James sun yi aure a 1972, sai a 1974 suka sake rera ta cikin kundin Carly mai suna Hotcakes, wanda ma a hoton bangonsa tana ɗauke da tsohon ciki, kuma ta karɓu sosai har ta hau mataki na 5 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta asalin kuwa na 7 ta tsaya.

Ni dai abin da ke burge ni shi ne yadda suke cafe baiti daga bakin juna, wannan ya jefo rabin kalma waccan ta ƙarasa, kamar masu zolayar juna a tsakar gida. Amma gaskiya muryar Inez ta fi kama jiki, ra'ayina ne dai. Carly da James sun sake tashinta a dandalin Madison Square Garden da ke New York a 1979, auren kuma ya mutu a 1983. A 2004 wani mawaƙin Amurka, Toby Keith, ya maimaita ta shi da 'yarsa Krystal.