Yadda na cire fankar kuloci na sa ta lantarki, daga baya na mayar da ita

Motata tsohuwar a-kori-kura ce, irin mai injin da ke kwance daga gaba zuwa baya, fankarta kuma irin ta kuloci ce, wato wani kuloci ne ya haɗa ta da famfon ruwa, fambel ke juya su tare. A kan buɗaɗɗen titi ba ta taɓa ba ni matsala ba. Amma da zarar na shiga cunkoso, injin na silo, sai in ga allurar zafi tana hawa sannu a hankali, na'urar sanyaya ciki kuma ta koma hura ɗumi. Da hanya ta buɗe, allura ta sauko kamar ba a yi ba.

Ban tsaya bincike ba na yanke wa fankar hukunci. Hujjata, wadda har yanzu ban ce ƙarya ba ce, ita ce gudun fankar kuloci yana bin gudun injin, don haka a lokacin da mota ke tsaye, lokacin da aka fi bukatarta, a sannan take tafiyar hawainiya. Ta lantarki kuwa ba ruwanta da totur, da makunnin zafi ya ba ta wuta za ta kama aiki gadan-gadan. Ƙananan motocin da injinsu ke gicciye ma ai galibi da ita suke fitowa. Abin da ban lura ba shi ne su da wuya fambel ya juya masu fanka ta fuskanci lagireto, dole ce ta sa.

Na sayo guda ɗaya mai inci 16, na kwance tsohuwar, na ɗaura sabuwar a bayan lagireto tana zuƙo iska. Murfin robar nan da ke kewaye fanka ya hana ta zama, sai na cire shi na jefar gefe. Wannan shi ne kuskurena mafi girma, kuma sai da aka yi makonni kafin na gane.

Kwanakin farko na ji daɗi ƙwarai. Cunkoso ya daina tayar mini da hankali. Sai wata rana na ji ƙaurin roba: gidan fis ya narke. Fanka irin wannan tana jan wajen amfiya 20 tana cikin gudu, a lokacin tashi kuma ta zarce haka sosai, ni kuwa siririyar waya na ja mata. Mai wayarin ya sake aikin da waya mai kauri, da rile, wato makunnin da ke sakar wa fanka wuta, da fis daidai ƙarfinta, ya kuma nuna mini yadda fitilu ke dusashewa idan ta tashi injin na silo. Altanetar tsohuwar mota ba a yi ta da lissafin wannan kayan ba. A nan na fahimci zancen da ake yi cewa fankar lantarki tana 'yanta ƙarfin injin rabin gaskiya ne, domin wutar da take sha injin ne dai ke juya altaneta ya samar da ita.

Ranar da asirina ya tonu, na ɗauko kaya maƙil, ina hawan dogon tudu da giya ta biyu. Injin na aiki iya ƙarfinsa, motar kuma ba ta gudun da iskar hanya za ta taimaka. Allura ta doshi ja. Na faka na buɗe bonet, fanka na ta juyi bilhaƙƙi, amma ba ta isa ba. Na kara hannu a kusurwoyin lagireto, babu iskar da ke ratsa su. Da'irar da fukafukanta suka rufe kaɗai ke shan iska, sauran duk a banza. Aikin murfin da na jefar ke nan, ya tilasta iska ta bi ta ko'ina a jikin lagireto maimakon ta zagayo ta gefe.

Da na kai wa bakanike, bai ce komai ba sai da ya nemi in kawo tsohuwar fankar. Ya riƙe ta, ya kaɗa fukafukin da yatsa ɗaya, ta yi ta walawala ba tirjiya. Ya nuna mini baƙin maiƙo da ƙura ta daskare a kai.

"Maigida, ai wannan kulocin ya daɗe da mutuwa," in ji shi. "Ba fankar ce ta gaza ba."

Shi ya warware mini yadda abin yake. A cikin kulocin akwai man silikon mai kauri, a fuskarsa kuma akwai wani nannaɗaɗɗen ƙarfe mai motsi idan ya ji zafi. Iskar da ta ratso lagireto idan ta yi zafi, ƙarfen ya murɗa ya buɗe wa man hanya, fanka ta kama sosai. Idan ta huce, ya saki, fanka ta riƙa juyi a hankali kawai. Man kulocina ya tsiyaye, ko an yi zafi ba ya kamawa. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, injin a kashe, da ya hutar da ni duk wannan wahala.

Ba na kushe ta lantarki. Mai motar da rayuwarta cikin gari take, ba kaya, tsayawa ta fi tafiya yawa, za ta yi masa, muddin ya sa ta da murfinta, ya yi wayarin na ƙwarai, ya tabbatar altanetarsa za ta ɗauka. Amma motar da ke jan nauyi, fankar da ƙarfinta ke ƙaruwa tare da na injin ta fi dacewa da ita, kuma babu fis ko rile da zai yanke mata aiki a tsakiyar tudu.

Na sa sabon kuloci, na mayar da murfin wurinsa. Saboda na'urar sanyaya ciki, na ƙara wata ƙaramar fankar lantarki a gaban kondansa, wato ɗan lagireton na'urar sanyin, tana tashi ne kawai idan na kunna sanyi. Na sake hawa tudun nan da kaya irin na wancan karon. Wajen rabinsa na ji ƙugin fanka ya taso, allura ta ɗan gota tsakiya, ta dawo.