Shimfiɗar barga: karan shinkafa, ɓuntu da karan alkama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon kiwon doki. Yau da sassafe na ɗaga ƙafar dokina Akawal ta baya, na kwaƙule kofaton da tsinke, sai na tarar da shi a bushe ƙayau, babu baƙin ruwan nan mai ɗoyi da ya hana ni sukuni tun watan Maris. Mako uku ke nan a jere ina samun haka, ga shi kuwa muna tsakiyar marka, ruwa ba ya ɗaukewa na kwana biyu cur. Alhamdu lillahi. Farin cikin wannan ne ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi.

Bara kafin faɗuwar damina na yi wa bargar daɓen siminti, a tunanina hakan zai sauƙaƙa shara. Da kaka ta yi sai na fara shimfiɗa karan shinkafa a kai, domin a nan yankin Bunkure da Kura idan aka gama bugu tsibi-tsibi ake barin sa a gona, wasu ma wuta suke cinna masa. Yana da laushi, doki yana jin daɗin kwanciya a kansa, amma da zarar fitsari ya taɓa shi sai ya danƙare kamar tsohuwar tabarma, ya riƙe laima, kafin safiya warin fitsari ya cika ɗakin har yana sa ido hawaye. Abin da ya fi wannan muni shi ne Akawal yana cin sa da dare. Karan shinkafa yana da sinadarin silika da yawa, wato irin wanda ke cikin yashi, ba ya narkewa da sauƙi, idan doki ya cika ciki da shi bai sha isasshen ruwa ba, kamar yadda sukan yi a lokacin sanyi, sai ya toshe masa hanji. Wani dare a watan Janairu na same shi yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, kuma tun la'asar bai yi kashi ba. Kiran malamin dabbobi cikin dare da kuɗin magani sun ci mini naira 25,000, ban da fargabar da na kwana da ita.

Daga nan na koma ɓuntun shinkafa daga wajen masu injin casa. Ban daɗe a kansa ba. Ƙurarsa ta haɗu da ta hunturu ta sa masa tari, sannan jiƙaƙƙen ɓuntun yana cusuwa cikin ramukan nan biyu na gefen tsokar tsakiyar kofato ya kwana a ciki, kuma a nan ne ruɓewar ta fara.

A watan Afrilu, bayan girbin alkamar rani, na samo karan alkama daga wajen Kadawa. Makiyaya da masu turkar shanu suna rububin sa, saboda haka ba a ba da shi kyauta, kuma kuɗin a-kori-kurar da ta kawo mini shi ya ɗara kuɗin karan kansa. Duk da haka ban yi nadama ba. Karan alkama yana da rami a ciki kamar bututu, yana da tauri da santsi, ba ya kwanciya ya manne da juna, fitsari yana ratsa shi ya sauka ƙasa ya bar saman a bushe. Akawal ya ɗan tsintsinci ragowar ƙwayar da ke ciki a kwanakin farko, daga baya ya ƙyale shi.

Sai dai kofaton bai warke ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kullum ina wanke shi, in busar, in shafa aidin kamar yadda malamin dabbobi ya ce, ya yi kamar zai warke, bayan kwana huɗu ɗoyin ya dawo. Na ƙara kaurin shimfiɗar, na riƙa sauya ta safe da yamma har na ga karan da na saya da tsada yana ƙarewa a banza. Da abin ya ishe ni na je na ɗauko wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kula da dawakin hakimi. Bai ko dubi kofaton ba, sai ya sa sandarsa ya yaye karan daidai inda ƙafafun baya suke tsayawa, ga fitsari nan kwance a kan siminti. Ya ce, "Ɗana, ka toshe wa fitsari hanya, ina kake so ya bi?" Na ce, "Baba, ai kuɗi na kashe a daɓen nan." Ya ce in zaɓa tsakanin daɓen da ƙafar dokin.

A watan Yuni na fasa simintin da hannuna, raina yana suya. Ɓaraguzan na mayar can ƙasa, na zuba marmara a kai na daddaɓe ta da ɗan gangare zuwa bayan barga, na bi da yashi mai kaurin taƙi guda, sannan karan alkama a sama. Yanzu da safe kashi kawai nake kwashewa da ɗan wurin da ya jiƙe, sauran karan in shanya shi idan rana ta fito, yashin da ya yi baƙi kuma in sauya shi duk mako. Wanda zai gwada wannan ya kiyaye abu guda: kada ya zuba wa doki dusa ko harawa a kan yashi, domin yashin da ya haɗiya yana taruwa a hanji. Ni a komi nake zuba masa komai, na kuma ɗaga komin daga ƙasa.

Damuwar da ta rage ita ce karan da ke hannuna ba zai wuce watan Nuwamba ba, sabuwar alkama kuwa sai Maris. 'Yan'uwanmu na Auyo da Haɗeja, inda ake noman alkama sosai, idan akwai wanda ya adana kara a wuri busasshe bai yi fumfuna ba, ina neman cikin mota guda.