Abin da na koya daga ruwan da ke zama gilashi

A karatun kimiyyar fizik da na yi a jami'a nan Maradi, darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa ba kowane ruwa ba ne yake daskarewa a inda littafi ya ce. Gilisarin, wani ruwa mai kauri da zaƙi, alal misali, yana narkewa a wajen digiri 18, amma idan aka sanyaya shi yakan wuce wannan mataki yana nan ruwa, domin ƙwayoyinsa, wato ƙananan ɓangarorin da suka haɗa shi, ba su samun sararin jeruwa sahu-sahu yadda daskarewa take buƙata. Kaurinsa ne yake ta ƙaruwa, har wajen digiri 83 ƙasa da sifiri, inda yake zama gilashi, wato abu mai tauri wanda ƙwayoyinsa ba su jeru ba.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne kowace ƙwaya maƙwabtanta sun yi mata ƙawanya, kamar mutum a cunkoson Babbar Kasuwa ranar jajibirin salla: yana iya muskutawa, amma ba ya gaba sai na kusa da shi sun gusa tare. Masana kimiyya Adam da Gibbs sun yi bayani a 1965 cewa gwargwadon sanyi, gwargwadon yawan ƙwayoyin da dole su motsa a tare, shi ya sa sauyin wurin da ba ya kai ƙiftawar ido yake komawa na daƙiƙoƙi. A 1970 kuma wasu masanan, Johari da Goldstein, suka nuna cewa wani ƙaramin motsi yana ci gaba har a cikin gilashin.

Masana sun saba kiran abu gilashi idan lokacin sauyin nan ya kai kimanin daƙiƙa 100. A ganina wannan adadi haƙurin mai awo yake nunawa, ba wata iyaka da halitta ta gindaya ba, tunda wanda ya sanyaya ruwan a hankali yakan ga ya zama gilashi a zafin da ya ɗan fi ƙasa. Tun daga nan, idan ɗalibi ya tambaye ni ko abu kaza ruwa ne ko daskararre, nakan ce ya fara faɗa mini tsawon lokacin da zai zuba masa ido.

Masu tallar alawa sun san wani ɓangare na wannan ilimi. Alawar sukari gilashi ce: da hunturu ƙas take karyewa, amma da damina, idan ta sha laima, ruwan ya sassauta ƙwayoyinta, sai ta yi danƙo ta manne wa leda. Gilashin taga kuwa ya yi nisa ƙwarai da zafin da yake laushi, don haka zancen cewa tagogin tsofaffin majami'un Turai sun zuro ƙasa ba shi da tushe. Masanin gilashi Edgar Zanotto ya lissafa a 1998 cewa hakan zai ci lokacin da ya zarce shekarun duniya.