Kafin ka karɓi jakar baiko da ragamar matasa

Ƙannena, duk wanda aka zaɓa ya shugabanci zumuntar matasa a ikkilisiya, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne wa'azi, da taron farkawa, da yadda kujeru za su cika. Ni ma a nan na zuba hankalina. Amma inda na yi tuntuɓe duk wurare ne da ido ba ya kaiwa: kuɗin zumunta, sirrin mutane, rabon aiki, da addu'ata ta cikin ɗaki. Abin da Ubangiji Yesu ya faɗa a Luka 16:10 bai taɓa kuskure ba, mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba.

Zan daɗe a kan kuɗi, domin nan ne sunan mutanen kirki ya fi ɓaci. Kuskurena shi ne na ɗauka tsarkin zuciyata ya isa shaida, har nakan ƙirga baiko ni kaɗai in sa a aljihu. Kada ka yi haka ko sau ɗaya. Mutum biyu ne za su ƙirga, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, nan take bayan an tashi sujada, kafin kowa ya bar ɗakin. A rubuta jimilla da lamba da kuma kalmomi, a sa kwanan wata, su biyun su sa hannu. Littafin ya zama mai ɗinki wanda aka sa wa shafukansa lamba, don takarda warwatse ɓacewa take yi, in kuma aka yage shafi za a gane. Wanda ya ƙirga daban, ma'aji daban, kai shugaba kuwa ba ka riƙe ko ɗaya. A kai kuɗin asusun zumunta a ranar aiki ta farko, asusun da sai biyu daga cikin mutum uku sun sa hannu ake cirewa. Ko sisin kwabo kada ya kwana a asusunka na kanka, ko da wani ya ce turo maka ya fi masa sauƙi.

Ɓarnar ba da niyyar sata take farawa ba. Bukata ce ke tasowa, kuɗin yana hannu, sai zuciya ta ce, "Ara kawai, ranar Jumma'a ka mayar." Na farko akan mayar da shi cif. Na biyu a mayar da rabi. Daga nan sai ka fara jin nauyin ranar ba da rahoto, kana ɗage taron kwamiti, kana fushi da duk wanda ya tambayi rasit. Idan ka ga tambayar lissafi ta fara yi maka zafi, to akwai ƙura, ka je wurin fasto tun rami bai yi zurfi ba. Maganinsa rahoto kowane wata a gaban membobi, da dattijo ɗaya da zai duba littafi da rasit duk bayan wata 3.

Wani zai ce wannan rashin yarda da juna ne tsakanin 'yan'uwa. Ya karanta Ezra 8. Ezra ya auna azurfa da zinariya a hannun firistoci 12 kafin su kama hanya, da suka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta nauyin. Manzo Bulus ma, a 2 Korintiyawa 8, bai yarda gudummawar ikkilisiyoyi ta tafi a hannun mutum ɗaya ba. Titus ya tafi tare da 'yan'uwa biyu, don kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus bai ji an raina shi ba, mu su wa?

Sai bakinka. Matasa za su kawo maka abin da ko iyayensu ba su sani ba. Na taɓa fallasa irin wannan da sunan roƙon addu'a, ban ambaci suna ba, amma kowa ya gane, mai maganar kuwa bai ƙara buɗe mini ciki ba. Magana zarar bunu ce. Tun kafin mutum ya fara, ka gaya masa iyakarka: za ka riƙe sirrinsa, sai dai in rai yana cikin haɗari ko ana cutar da yaro, a nan dole ka sanar da fasto da hukumar da abin ya shafa. In 'yar'uwa ce ta zo neman shawara, ku zauna da rana a inda ake ganinku, ƙofa a buɗe, bayan zama na biyu kuma ka haɗa ta da wata uwa a ikkilisiya. Ke ma shugaba mace, haka za ki yi da samari. Hirar waya ta tsakar dare ita ce ƙofar da aka fi shiga ba a ankara ba, ka tsayar wa kanka lokacin da kake daina amsa saƙo.

Wanda ya yi laifi, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: ku biyu tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Tsawatarwa a dandalin WhatsApp tsallake mataki biyu ne.

Na kuma yi kuskuren Musa, na tattara komai a kaina saboda ina ganin ba wanda zai yi yadda nake so. Shawarar da Yetro, surukin Musa, ya ba shi a Fitowa 18 ta sauko har kan shugabannin mutum 10, kuma wannan adadin yana aiki: mutum ɗaya zai iya sanin halin da goma suke ciki, ya lura in ɗaya ya yi mako biyu bai zo ba. In ka ba da aiki, ka faɗi abin da ake so, da ranar gamawa, da abin da za a kashe, sannan ka janye hannu. Ƙwace aiki don bai yi kyau a idonka ba yana kashe gwiwar mutum har ya daina tashi. Dattawa kuma a sanar da su shiri tun yana takarda. Sarki Rehobowam ya bi shawarar tsaransa kaɗai, kabila 10 na Isra'ila suka ɓalle.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da na ga ba na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in zan koyar. Baki yana ta aiki, ciki ya bushe, kuma ba wanda zai gane da wuri. Ka keɓe minti 20 da safe kafin ka taɓa waya, ka karanta littafin da ba daga cikinsa kake shirya darasi ba. Ka sami babba ɗaya da ka ba izinin yi maka tambaya mai zafi sau ɗaya a wata, ka kuma amsa masa da gaskiya.

Wata 6 kafin wa'adinka ya cika, ka fara sa mataimakinka ya ja taro kana zaune a baya. Ranar miƙa aiki ka ba da littafin kuɗi da rasit, jerin kayan zumunta, sunayen membobi, kalmomin sirri na shafukan zumunta, da bashin da kuke bi ko ake bin ku, duk a rubuce, a gaban fasto da dattijo ɗaya. A canza masu sa hannu a banki cikin makon nan.