Ƙwallon Gilashin da Na Saya wa 'Yar Ƙanena

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na shiga Kasuwar Wunti neman abin da zan haɗa wa 'yar ƙanena da kayan Sallarta, sai idona ya faɗa kan wani ƙwallon gilashi a shagon masu kayan ado. Girmansa bai wuce na lemon zaƙi ba, cike yake da ruwa, a tsakiyarsa akwai ɗan gida da bishiya, kuma da mai shagon ya girgiza shi sai fararen ɓarɓashi suka tashi suna sauka a hankali kamar dusar ƙanƙara. Shekarar yarinyar uku, ba ta san wani sanyi ba sai hunturun Bauchi mai ƙura, saboda haka na yi marmarin nuna mata abin da ni kaina a talabijin kaɗai nake gani.

Ta yi murna ƙwarai. Ta manna hancinta a jikin gilashin tana tambayata, "Gwaggo, gari aka zuba a ciki?" Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne, duk daɗin wannan abu a girgizawa yake, hannun yaro kuwa bai iya girgiza abu mai nauyi da santsi ba tare da ya suɓuce masa ba.

Washegarin Sallah da la'asar ya kuɓuce mata a tsakar gida, ya tarwatse a kan siminti. Ba takalmi a ƙafarta, nan take gilashi ya yanke ta a diddige, amma ba wannan ne ya tayar mana da hankali ba. Kafin mu ankara ƙaninta mai rarrafe ya dangwali ruwan ya kai baki. Kakarsu ta ce a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, uwarsa kuma ta juyo gare ni jikinta na rawa ta ce, "Yaya, mene ne a cikin ruwan nan?" Na jujjuya kwalin ban ga inda aka rubuta abin da aka haɗa ba, sai muka bar maganar manja, muka ɗauki yaran da kwalin muka nufi asibiti.

A can ne na fahimci cewa ba ruwa zalla ba ne. Ana ƙara masa sinadarin da zai sa ya yi kauri don ɓarɓashin ya riƙa sauka sannu a hankali. Wasu masana'antu giliserin suke sawa, wasu kuma itilin gilaikol, irin wanda ake haɗawa a ruwan lagireton mota. Shi wannan yana da zaƙi a baki, kuma idan aka sha da yawa yana lalata ƙoda. An wanke ciwon yarinyar an ɗaure, an sa ido a kan yaron na wasu sa'o'i, sannan aka sallame mu lafiya, alhamdulillahi.

Daga baya na bincika asalinsa, na ga tun farko ma ba kayan wasa ba ne. Erwin Perzy, wani maƙerin kayan tiyata a birnin Biyana na Ostiriya, ya samo dabarar a 1900 yana ƙoƙarin ƙara wa ɗakin tiyata haske, daga nan ta zama kayan tsaraba da ado. Har ila yau gilashi mai ruwa yana tattara hasken rana wuri guda, kuma a 2008 an janye wani babban samfurinsa daga kasuwa a Amurka saboda yana iya kunna wuta idan rana ta doke shi. Duk wanda ya san ranar watan Maris a garin nan ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

A ganina yaron da bai kai shekara bakwai ba bai kamata a damƙa masa shi ba, ko da na roba ne, domin shi ma yana tsagewa ya yi yoyo. Da yarinyar ta dame ni da tambayar gidanta mai gari, na sayo wani na kulle a shogilas ɗin ɗakina, nesa da taga. Idan ta zo sai ta hau cinyata, ni in girgiza, ita ta ƙirga har ɓarɓashin ya gama kwanciya.