Tafiya Tafkin Magadi neman halittun da ke rayuwa cikin kanwa

Daga Nairobi, babban birnin Kenya, muka kama hanyar kudu, muka wuce Kiserian, muka bi gefen tsaunukan Ngong, sai hanya ta soma gangarawa cikin kwarin Rift. Muna gangarawa zafi na ƙaruwa. Tafiyar kusan kilomita 120 ce, amma kafin mu isa mun manta da sanyin da muka baro da safe. Ayarin masu binciken ƙananan halittu na biyo, aikina riƙe kwalabe da rubuta musu lamba.

Wanda ya hango Magadi daga nesa ba zai ce tafki ba ne. Fili ne fari fat, kanwa ta daskare a kansa, a wasu wuraren kaurinta ya kai mita 40, kuma tun 1911 aka kafa kamfanin da ke haƙar ta. Tsakanin farin akwai kududdufai jajaye, ruwansu ya ƙoshi da gishiri, awon pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, ya haura 10, alamar kanwar ta yi ƙarfi ƙwarai. Hannun da ke da ɗan rauni yana taɓa shi zai sani.

Jan launin nan halittu ne masu rai, tarin da ido ba ya iya rarrabewa. Mafi yawansu ba bakteriya ba ne, arkiya ne, wani rukunin ƙananan halittu da masanin kimiyya Carl Woese ya ware daban a 1977. Bakteriya masu jure gishiri, irin su Halomonas, mun fi neman su a bakin tafki, inda maɓuɓɓugan ruwan zafi ke shigowa suna tsarma gishirin. A nan muka daɗe, muna ɗibar ruwa da laka, muna auna zafi da gishirin kowane wuri kafin a rufe kwalba. Samfurin da ba a san yanayin da aka ɗauko shi ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Da yamma na tambayi shugabar ayarin yaushe za mu san ko mun dace da sabuwar ƙwaya. Ta ce in dai da gaske ake, ba bana ba. Sai an shuka samfurin a faranti mai gishiri da kanwa, a yi ta tsincewa har a ware ƙwaya ɗaya tsantsa. Sannan a karanta wani ɓangaren gadonta da ake kira 16S, wanda da shi ake gane dangantakar ƙwayoyi. Idan kamarta da 'yar'uwarta mafi kusa ba ta kai kashi 98.7 cikin 100 ba, an fara sa ran sabuwa ce. Daga nan a kwatanta gadon gaba ɗaya, inda iyakar da ke raba jinsi da jinsi take wajen kashi 95 zuwa 96. A gwada yawan gishirin da take ɗauka, da zafin da take so, da abin da take ci. Kafin sunan ya tabbata, dole a ajiye ta a rumbunan adana ƙwayoyi biyu a ƙasashe daban-daban, kamar DSMZ a Jamus da JCM a Japan. Wannan sharaɗin ya kwanta mini ƙwarai, domin yana ba kowane mai bincike damar karɓar ƙwayar ya duba da kansa.

Ko bayan duk wannan, suna na iya sauyawa. A 1984 wani mai bincike, Tindall, da abokan aikinsa suka bayyana ƙwayar Natronobacterium magadii daga wannan tafkin. A 1997, da aka kwatanta gadonta da na danginta, aka mayar da ita Natrialba magadii, kuma da shi ake kiranta har yau.